Baƙuwar Masallaci

Laraba, bayan la'asar

Na iso Dutsen Liman. Motar Ɗambatta ta sauke ni a bakin titi, sauran tafiyar a ƙafa na yi ta, da ƙunshin kayana a ka. Gonaki hagu da dama an share su tas, an zuba taki tsibi-tsibi, ana jiran ruwa. Ban ga ɗanyen ganye ba sai na darbejiya.

Muhammadu Sani, ƙanin maigida, shi ya sa ni a mota da sassafe. Abin da ya ce kawai shi ne in tafi wajen Innata, in kama bakina, kada in gaya wa kowa komai, zai aiko. Ban tambaye shi yaushe ba. An riga an sa wa ƙofar gidanmu na Dawanau kwaɗo, kuma ba mu muka sa ba.

A ƙofar gari akwai wata tsamiya, dattawa na zaune a gindinta. Na durƙusa na gaishe su. Wani mai farin gemu ya ce, "Daga ina, kuma lafiya?" Na ɗaga kai na hangi masallatan nan uku da garin ya yi suna da su, ɗaya a gindin dutsen, ɗaya a tsakiya, ɗaya can ƙoli ɗan ƙarami kamar akurki. Sai na ji na ce, "Ziyara na zo, Baba." Duk suka gyara zama. Suka ce madalla, bana ba su yi baƙon masallaci ba sai ni. Aka sa a kai ni gidan Malam Mati, tun da na ce matarsa Hure ƙanwar mahaifiyata ce.

Na ji daɗin ƙaryar nan. Ta zo daidai, ba wanda ya ƙara tambayata.

Alhamis, da hantsi

Inna Hure ta tsufa fiye da yadda na zata. Rabona da ita tun zaman makokin mahaifiyata. Jiya da ta gan ni ta rungume ni tana "Ma'u, Ma'u," kamar ina yarinya. Amma da wanda ya rako ni ya ce baƙuwar masallaci aka kawo musu, sai ta sake ni a hankali.

"Ziyara kika ce musu?"

"E, Inna."

Ta dubi Baba Mati, shi kuma ya dubi ƙasa. Can ta ce, "To, Allah ya karɓa," ta shiga ta ɗauko sabuwar tabarma.

An ba ni ɗakin Ɗanliti, ɗansu da ya tafi cin rani kudu bai dawo ba. Matarsa Barira ta kwashe kayanta da jaririyarta Rahmatu ta koma ɗakin Inna. Ta watsa mini harara tana naɗe tabarma.

Sai dambu. Tun ina ƙarama nake jin labarin dambun Dutsen Liman. Mahaifiyata takan ce na birni tsaki ne kawai da aka wulaƙanta, kuma gaskiyarta. Geron nan ƙanana ne, jaja-jaja. An ɓarza shi, an turara da busasshen zogale, an ɗiga man gyaɗa da garin ƙuli. Na cinye kwanon tas har na suɗe hannu. Rabona da cin abinci in ji ɗanɗanonsa tun ranar da masu kaki suka zo da babbar mota suka tafi da maigida. Wannan ba zan rubuta shi ba.

Juma'a, da safe

Baba Mati ya tsuguna a bakin ƙofa, bai shigo ba, ya jero mini dokokin garin kamar mai ɗaura aure. Wai wasu malamai ne yaƙi ya koro a zamanin da, suka hau dutsen nan, kakannin garin suka ciyar da su har suka gina masallatan. Tun daga nan duk wanda ya ce ziyara ya zo, ya zama baƙon masallaci.

"Gero zalla ake ba shi, safe da yamma, ba gauraye," in ji shi. "Shi kaɗai yake ci, a ɗakinsa. Ba ya aiki. Ba a tambayarsa ranar tafiya, ba a karɓar ko allura daga hannunsa. Ran da ya yi salla a na ƙoli, ziyara ta cika, washegari a raka shi har tsamiya."

Na ce cikin wasa, "Baba, in baƙon ya ƙi hawa fa?"

Ya ce, "Ba a taɓa yi ba." Bai yi dariya ba.

Ni dai na samu abin da nake nema: ɗaki, abinci, da mutanen da dokarsu ta hana su tambaya. Zan ja ƙafa har Muhammadu Sani ya aiko.

Juma'a, bayan azahar

Na je masallacin gindi. Da duwatsu da jar ƙasa aka gina shi, ƙofar gajera, sai mutum ya sunkuya. Mata a haraba muke tsayawa, bayan wata 'yar katanga. Wurin na da sanyi da warin jemage. Ladanin, Malam Kallamu, tsoho ne mai magana da yawa, ya ce kakansa daga Barno ya zo ziyara ya ƙi komawa. Na so in ce ashe an taɓa yi, na haɗiye.

Ya nuna mini rumfunan da mata ke sayar da dambu a shekarun arziki. Yanzu madambatai ne kife a ƙasa, ƙadangaru na bin kansu. Ya ce shekara biyu ke nan gero na bushewa a tsaye kafin ya fitar da kai.

Na yi raka'a biyu. Abu ɗaya na roƙa, kuma mutum ɗaya na roƙa wa.

Asabar, da yamma

Ba saƙo.

Litinin, da hantsi

Wani abu yana damuna a garin nan, sai yau na gane shi. Ba a daka. Gari guda, gidaje manne da juna, da safe ya kamata kunne ya cika da luguden taɓarya. Amma turmi ɗaya ne ke ƙara, namu. Duk sa'ad da Barira ta fara daka nakan ga kawunan mata suna leƙowa ta saman danga, su tsaya, su koma.

Na fito na ce a ba ni taɓarya in taya. Inna ta tare ni da murmushi ta mai da ni ɗaki kamar akuyar da ta kwance. Na zauna ina kallon bango. Ni da nake dafa wa mutum goma a Dawanau, yau an ajiye ni ana turo mini kwano. Haushi nake ji, ban san na wa ba.

Laraba, bayan la'asar

Masallacin tsakiya. Hanyar ta bi ta tsakanin manyan duwatsu masu zafi, na isa ina haki. Wannan a jikin wani kogo aka jingina shi, rabin rufin dutse ne, ga wata 'yar rijiya a gefe da ta ƙafe. Malam Kallamu ya ce ko a yunwar da aka yi shekara goma baya ba ta ƙafe ba.

Da muka sauko ya ce, "Saura ɗaya, Hajiya." Ni ba Hajiya ba ce, amma zanena ya fi na matan garin. Nan take na fara ɗingishi. Na ce na gurɗe a kan dutse. Inna ta dafa ruwa ta gasa mini ƙafar da ba abin da ya same ta, tana yi mini sannu. Na kau da kai don kada mu haɗa ido.

Juma'a, da safe

Ba saƙo. Na yi mafarkin buhuna. Na farka ina jin warinsu ta bango kamar a gida.

Asabar, bayan azahar

Da ma ban fita ba.

Na gaji da ɗaki, na ɗingisa zuwa bayan madafa in sha iska. Na iske su ukun a zaune a kan kwano ɗaya. Ganyen tafasa ne aka dafa, aka barbaɗa masa dusa, dusar geron da ake surfa mini. Baba Mati ya ja hannun rigarsa ya rufe kwanon. Dattijo mai furfura yana ɓoye mini abincinsa. Inna ta ce, "Kwaɗayi ne ya kama mu, Ma'u, mun daɗe ba mu ci kwaɗo ba."

Na koma ɗaki. Ba a jima ba Barira ta shigo ɗaukar kwanon safe, jaririyar a baya. Na ce, "Barira, geron da nake ci, daga ina?"

"Ba a tambaya, Yaya. Ke ma ba a tambayarki."

"Ina rumbun?"

"Rumbu?" Ta yi wata dariya maras daɗi. "Kaji ma sun daina zuwa gindinsa. Zo ki gani, tun da ƙafar ta kai ki madafa."

Ta ɗaga labulen ɗakin Inna. A jikin azara an rataye zangarniyoyin gero, zaɓaɓɓu, manya, waɗanda ake warewa tun a gona. Igiyoyin da aka kwance suna reto fayau, sun kusa yawan waɗanda suka rage. Ba sai an gaya mini ba. Matar ɗan kasuwar hatsi ce ni, na san iri in na gan shi.

"Kwanon da kike ci da safe," in ji ta, "kin san layi nawa zai shuka a gona?"

Na sani. Na fi ta sani. Gero ba ya cin iri da yawa, shi ya sa abin da aka ajiye ɗan kaɗan ne, shi ya sa kuma baki ɗaya zai iya gamawa da shi kafin ruwa ya sauka. Na fito na manta da ɗingishin.

Lahadi, bayan magariba

Na ce ina azumin nafila, tun da Sha'aban ne. Na ɗauka na yi dabara. Inna ta ce madalla. Da asuba sai ga kunu da dambun sahur, da magariba ga fura ga dambu, wai mai azumi ba a yi masa ƙwauro. Abin da aka saba kwancewa ya ƙaru. Gobe ba zan yi ba.

Wauta ta ishe ni. Tawa da tasu.

Talata, da hantsi

Na rage rabin kwano don su ci. Ashe ragowar baƙon masallaci ba a cinta a gida, tabarruki ce, ladan ake kai wa ya raba. Wace irin doka ce wannan da ba ta da ƙofar baya?

Yau da Barira ta kawo abinci na kama hannunta na saki labule. Na ce zauna ki ci. Ta ce haram. Na ce ba a cikin littafi yake ba, kuma nonon da Rahmatu ke tsotsa ba komai a ciki, ina jin kukanta ta bango. Ta tsaya tana kallon kwanon. Sannan ta zauna ta juya mini baya, ta ci da sauri.

Da ta gama ta ce, "Gonarmu nake ci, Yaya. Ko ni na ci ko ke, daga azara ɗaya ake kwancewa."

Na ce a sayo wani irin mana. Ta ce geron dutse ba ya zuwa kasuwa. Shi ne mai nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke yakan ba da wani abu. Na kasuwa dogo ne, a ƙasar nan sai ya mutu a tsaye. Maƙwabta kuwa kowa nasa bai kai ya ishe shi ba. Wannan ma na sani. Na so ne kawai in ji wani ya ce akwai hanya.

Alhamis, bayan la'asar

Na sami Baba Mati a zaure yana ɗaure ƙotar sungumi. Na durƙusa na ajiye 'yan kunnena a gabansa. Bai taɓa su ba. Ya ce, "Ɗauki abinki, 'yar nan, kafin wani ya shigo ya gani." Ransa a ɓace.

Na ce, "To Baba, bari in je gindin tsamiya in ce ba ziyara ce ta kawo ni ba. In zauna a matsayin 'yar gida, in ci abin da kuke ci."

Ya ajiye sungumin. "Sai su ce me ya kawo ki. Ki ce me?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Mutanen nan sun binne yara bana. In suka ji daga wane gida kike a Dawanau, da buhunan hatsin da aka fitar daga gidan, ba na jin zan iya tsare miki ƙofa. Kuma kin yi salla a masallatai biyu da sunan ziyara. Abin da aka faɗa a gindin tsamiya ba a janye shi."

Ashe ya sani. Ban tambaye shi tun yaushe ba. Na kwashe 'yan kunnena na tashi, kunya kamar in nutse.

Abin da ke ɗakin baya na gidanmu ba ni na tara shi ba. Ban taɓa riƙe mabuɗin ba. Amma na ci daga ciki, na yi ƙiba daga ciki, kuma ban taɓa tambaya ba. Ya isa. Na ce ba zan rubuta ba.

Lahadi, da yamma

Saƙo ya zo. Wani mai sayar da kanwa da ya dawo daga Ɗambatta ya tsaya a ƙofar gida ya ce a gaya wa baƙuwa, Muhammadu Sani na gaishe ta, ya ce ta ƙara haƙuri, kada ta dawo tukuna. An mai da maigida wani wuri, ba a san ina ba. Masu kakin sun sake zuwa, sun tambayi iyali.

Shi ke nan saƙon. Na yi godiya. Na shiga ɗaki na iske an ajiye kwano.

Litinin, bayan la'asar

Hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska ta watsa shi. An kwance wata igiyar.

Talata, bayan azahar

Na ce wa Inna gobe zan hau na ƙoli. Tana tsince zogale, ba ta ɗago ba.

"Ƙafarki ba ta warke ba."

"Inna, ƙafata lafiya lau. Ba abin da ya taɓa samunta."

"Ni na gasa ta. Na ce ba ta warke ba."

Na zauna a gabanta. Na ce na ga azara. Na ce in na ƙara mako guda a gidan nan, ruwa zai sauka Baba ya fita da sungumi ba abin sawa a rami. Ko ya shuka, in shukar fari ta ƙone, da me zai sake?

Sai ta ɗago. Idonta ya yi ja. "In kin hau, dole mu raka ki. Ina za ki? Gidan da aka kulle? Ko wajen dangin mijin da suka sa ki a mota suka juya? Yayata ta bar mini ke kaɗai. Gero Allah ke bayarwa."

"Ta hannun iri yake bayarwa, Inna."

"Kada ki koya mini tauhidi a gidana."

Rahmatu na kuka a ɗaki, irin kukan da ba ƙarfi. Inna ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ki bari a ga watan azumi. Wataƙila kafin nan a sake shi." Ta san ba za a sake shi ba. Ni ma na sani. Ina sonta, kuma ina jin haushinta, don ta fi ni taurin kai.

Tsoro nake ji. Gara in rubuta shi ƙarara. Ban san inda zan kwana jibi ba.

Laraba, da hantsi

Na hau.

Bayan sallar asuba na fita kamar zan zaga. Ban gaya wa kowa ba. Daga masallacin tsakiya zuwa sama ba hanya sosai, sai wuraren da ƙafafun mutane suka goge a jikin dutse. Wani wurin da hannu na kama.

Na ƙoli ɗan ɗaki ne, ba zai ɗauki mutum biyar ba, rufin ya zube gefe guda. Daga nan ana ganin ƙasar duka: gonaki a jere ba tazara, ƙauye na kallon ƙauye, kuka da gawo tsaye ɗai-ɗai, can nesa ta wajen Bagwai wani ɗan ruwa na ƙyalli. Ko'ina an share, ko'ina ana jira. Na nemi Dawanau ban gan ta ba.

Na yi raka'a biyu a haraba. Na buɗe baki in roƙi abin da na saba roƙa, sai na ji ina roƙon ruwa.

Malam Kallamu ya gan ni ina saukowa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ziyara ta cika, Allah ya karɓa," da ƙarfin da duk unguwar za ta ji. Kafin in kai gida labari ya riga ni. Inna na tsaye a tsakar gida. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Ta dube ni, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Laraba, bayan magariba

Ruwa. Tun la'asar yake zuba, mai yawa, na shuka. Yara na ihu a waje. A gidanmu ba mai magana. Baba Mati na zaune a bakin zaure yana kallon indararo.

Alhamis, da azahar, a bakin titi

Ina jiran mota. Bari in rubuta kafin ta zo.

Ashe akwai sauran doka da ba a gaya mini ba. Baƙon masallaci ba ya fita hannu wofi, sai da guzuri, ƙwarya cike da dambu. Da safe na fito na iske Inna ta sauko da duk abin da ya rage a azara, ta raba biyu, Barira na sussuka rabi. Na ce wallahi ba zan karɓa ba. Baba Mati ya ce in na ƙi, gari zai ce gidansa ya kori baƙon masallaci. Ya ce abin da ya rage zai ishi 'yar gonar bayan gida. Babbar gonar ta bakin hanya bana a bar ta ta huta.

Barira ta sheƙe, ta juye tsabar a turmi, ta ɗebo ruwan surfe. In ruwan nan ya taɓa shi aka sa taɓarya, ya tashi daga iri. Na riƙe taɓaryar.

Na ce, "Inna, dambu zai lalace mini a hanya, ban san ranar isata ba. A ba ni tsaba haka nan. Kada a surfa."

Inna ta dube ni, ta daɗe. "Ba haka ake yi ba."

"An ce ƙwarya cike. An ce sai dafaffe?"

Ta juya ga Baba. Ya yi tunani ya ce shi dai bai taɓa jin an ce ba. Barira ta ajiye ruwan, ta juye geron a ƙwarya, ta ɗaure da tsumma, hannunta na sauri kamar mai tsoron a canza magana.

Suka raka ni har tsamiya. Dattawa ba sa nan, kowa na gona. Inna ta riƙe hannuna ta ƙi saki, sai da Barira ta ɓamɓare yatsunta. Inna ba ta ce mini sauka lafiya ba. Ta ce, "Kin ci amanata, Ma'u," tana kuka. Na ce ta yafe ni.

Babbar gonar tana hannun dama in an wuce tsamiya, Barira ta nuna mini da haɓa. Ƙasar ta jiƙu, ta yi laushi. Gonakin maƙwabta cike da mutane, ita kaɗai ba kowa. Na ajiye ƙunshina a kan iyaka, na cire takalmi, na ɗaure zane. Ba ni da sungumi. Da diddige na riƙa haƙawa, in jefa 'yan ƙwayoyi, in rufe da ƙafa, yadda mahaifiyata ta koya mini kafin a kai ni birni. Layina ya karkace kamar tafiyar mai maye. Mutane suka daina aiki suna kallona.

Ban kai ƙarshen layi na biyu ba na ji tari a bayana. Baba Mati ne, da sungumi a kafaɗa.

"Me kike yi, 'yar nan? Ba a karɓar komai daga hannun baƙo."

"Na wuce tsamiya, Baba. Ni ba baƙuwar kowa ba ce yanzu. Gerona ne, ina zubar da abina inda na ga dama."

Ya dubi tsamiyar, ya dubi maƙwabtan da ke kallo, ya dubi layina. Ya ce, "Ko zubarwa ce, a yi ta a miƙe." Ya wuce gabana ya fara sara. Yana sara, ina jefawa, ina rufewa. Rana ta ɗago, bayana ya ƙage, ƙwaryar na ta yin sauƙi a hannuna. Na rage yawan abin da nake jefawa a kowane rami. Na ƙara ragewa.

Ya yi nisa kafin ya lura ba na bin sa. Ya juyo. Na kife ƙwaryar na nuna masa. Ya tsaya a tsakiyar gonar, ramukan da ya sara a buɗe tsakanina da shi, bayansa kuma fili har iyaka, jiƙaƙƙe, an zuba masa taki, ba komai a ciki. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ya kai inda ya kai." Ya sa ƙafa ya fara rufe ramukan da ba iri.

Ga ƙurar mota can. Ban san abin da zan ce wa direba ba in ya tambaye ni ina zan sauka.

Mun shuka rabin gonar. Ɗaya rabin ni na cinye.